Gidajen yarin jihohin Amurka: gyara mutum ake yi, ko ajiye shi?

Ummu_Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da nauyi a bakina, amma dole in tambaya. Ƙanena da ke Amurka an yanke masa ɗaurin shekara bakwai a watan jiya. Faɗa ne ya haɗa shi da wani, ya ji masa mummunan rauni, kuma bai musa ba. Lauyansa ya ce gidan yarin jiha za a kai shi, ba na tarayya ba. Mahaifiyarmu kullum tambayarta biyu ce. Wai ba za a rubuta wa shugaban ƙasarsu a roƙi afuwa ba? Sannan tunda an ce mata sunan wurin gidan gyaran hali, shin gyararre zai dawo mana? Ni ta biyun ce ke hana ni barci. Don Allah masu zama a can da waɗanda suka san harkar, ku faɗa mini gaskiya komai ɗacinta.

Hafsat_B: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo masa mafita, ya ba Mama juriya.

Abu_Sumayya: Hajiya, sannu da wannan jarrabawa. Ta farkon amsarta gajeriya ce: shugaban Amurka ba shi da ikon yafe laifin da aka yi wa dokar jiha. Afuwarsa a kan laifin tarayya kawai take aiki. Na jiha sai gwamna, a wasu jihohin ma sai wata hukumar afuwa ta amince, kuma ba kasafai ake samu ba.

Wuraren tsare mutane a can hawa uku ne. Akwai kurkukun gunduma, na masu jiran shari'a da masu ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, yana ɗauke da mutum sama da 600,000. Akwai na tarayya, mai kusan 155,000. Sai na jihohi, inda mutum sama da miliyan 1 suke. Wato mafi yawan ɗaurarrun ƙasar suna hannun jihohi ne, kuma kowace jiha da dokarta, da kasafinta, da hukumarta. Wanda ke ɗaure a Minnesota da wanda ke ɗaure a Alabama, kamar ba a ƙasa ɗaya suke ba. Don haka kafin a ce zai gyaru ko ba zai gyaru ba, sai an san wace jiha ce, kuma wane gida a cikinta.

Ummu_Hanif: Malam Abu_Sumayya na gode. A kudu ne, amma ka yi mini uzuri, ba na son ambaton jihar a nan. Shekara bakwai ɗin duk zai yi?

Abu_Sumayya: Ya danganta da jihar. Wasu suna da hukumar da ke duba ɗaurarre bayan ya yi wani kaso na wa'adinsa, ta sake shi bisa sharaɗi ya ƙarasa a waje ana sa masa ido. Wasu sun soke wannan, Maine ce ta fara a 1976. Florida da Virginia tun 1995 suka kafa dokar sai mutum ya cinye kashi 85 cikin 100 na wa'adinsa, jihohi da dama kuma suna yin haka a laifin da aka taɓa lafiyar wani. Ku tambayi lauyan ranar farko da doka ta yarda a duba batun sakinsa, ya rubuto muku.

Sadauki77: Gyaran hali? Suna ne kawai Hajiya. Kasuwanci ne. Kamfanoni ne suke gina gidajen yarin, suna cika su da baƙar fata a kan 'yar tabar wiwi, gwamnati tana biyansu kan kowane kai.

Malama_Rabi: @Sadauki77 akwai gaskiya a maganarka, amma ka haɗa ta da abin da ba haka yake ba. Gidajen yarin kamfanoni irin su CoreCivic da GEO Group suna nan, sai dai kusan kashi 8 cikin 100 na fursunonin jiha da tarayya ne a hannunsu. Ko yau aka rufe su duka, sauran kashi 92 suna hannun gwamnati. Batun ƙwaya kuma a gidajen tarayya ne ya yi yawa, kusan rabi. A na jihohi fiye da rabin mutanen laifin da ya shafi jini ko ƙarfi ne ya kai su: kisa, fashi, fyaɗe, raunata mutum. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne launin fata. Baƙaƙe kusan kashi 13 ne na al'ummar ƙasar, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne na fursunoni.

Ina nanata wannan ne don idan muka ce duk masu wiwi ne, to mun kauce wa tambaya mai wuya, wadda ita ce ta Ummu_Hanif: mutumin da ya cutar da wani da gaske, me ake yi da shi shekara bakwai?

Mai_Kaki: Ni gandiroba ne, shekarata tara a aikin nan a wata jiha. Ba zan faɗi sunan gidan ba. Hajiya, abin da zan gaya miki ba a littafi na karanta ba.

A takarda muna da komai: ajin karatu, koyon walda, koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki, zaman masu fama da shaye-shaye, zaman koyon danne fushi. A aikace kuwa duk waɗannan suna tafiya ne idan akwai ma'aikacin da zai raka mutane daga ɗaki zuwa aji. Mu kuma ba mu da yawa. Akan sa ni awa 16 a jere, in koma gida in kwanta awa biyar in dawo. Ranar da ma'aikata suka gaza, abu na farko da ake sokewa shi ne aji, na biyu fita motsa jiki, na uku ziyara. Sai a kulle kowa a ɗakinsa, wani lokacin kwana da kwanaki. Na ga malamin aji ya zo da littattafansa tun safe, ya zauna har azahar, ya koma bai ga ɗalibi ko ɗaya ba.

Ga kuma layi. Mai shekara bakwai yakan jira, don ana fifita wanda ya kusa fita. To shekarun farkon nan, da ba aji ba sana'a, su ne masu haɗari. A nan ne ƙungiyoyin daba suke samun yaro, su ba shi kariya, su ɗora masa bashi. Ki gaya masa abu uku daga bakina: kada ya ci bashin kowa ko na sabulu ne, kada ya yi caca, kuma ya rubuta sunansa a kowane aji tun makon farko ko da an ce sai bayan shekara biyu.

Direban_Dare: Ku yi haƙuri, ni zan zo ta wani gefen. Tasi nake ja. Shekara shida da suka wuce wani ya sa mini wuƙa a wuya da dare, ya yanke ni a hannu, har yau yatsuna biyu ba sa lanƙwasuwa. Da aka ɗaure shi na yi barci. Duk wannan zancen aji da walda, ni wa ya biya mini kuɗin asibiti? Hajiya ba da ke nake ba, Allah ya sani, amma shi wanda ƙanenki ya raunata yana da uwa shi ma.

Ummu_Hanif: Yaya Direban_Dare, wallahi ban ji haushi ba. Kullum ina sa mutumin a addu'a. Ban ce kada a hukunta ƙanena ba, ya yi laifi. Tsorona kada ya shiga da laifi ɗaya ya fito da hali goma.

Abu_Sumayya: Malam Direba, Allah ya ƙara sauƙi. Amma tsoron Hajiya ya shafe ka kai ma, don kusan duk wanda aka ɗaure a gidan jiha wata rana zai fito, wataƙila ma ya tare motarka. Hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar shari'ar Amurka ta bi sawun waɗanda aka saka a jihohi 30 a shekarar 2005. Cikin shekara uku an sake kama kashi 68 cikin 100, cikin shekara tara kashi 83. Kamu ne fa aka ƙirga, ba duk aka sake ɗaurewa ba. Duk da haka, asibitin da mafi yawan majinyatansa ke dawowa ai a binciki maganinsa.

Direban_Dare: Ko kuma a binciki majinyatan. Wani ba ya son warkewa.

Limamin_Sa_Kai: Assalamu alaikum. Duk Juma'a ta biyu nakan shiga wani gidan yarin jiha in ja salla, shekara biyar ke nan. Malam Direba, na ga irin wanda kake faɗa. Na kuma ga wanda ya shigo bai iya alwala ba, yanzu shi ke karantar da sababbi. Duka biyun suna sahu ɗaya a bayana.

'Yar'uwa Ummu_Hanif, ki sanar da Mama cewa addininsa yana da kariya a doka, kuma musulmi ne suka yi fafutukar samo ta. Wani fursuna musulmi a Illinois mai suna Thomas Cooper ya kai ƙara don an hana shi Alƙur'ani da littattafan addini. A 1964 kotun ƙoli ta ce yana da haƙƙin a saurari ƙararsa, kuma wannan hukuncin ne ya buɗe wa fursunonin jihohi ƙofar kai hukumomin gidan yari kotun tarayya. Kafin nan alƙalai sukan ce ba ruwansu da abin da ke bayan katanga. A 2000 majalisa ta yi dokar kare ibadar waɗanda ke tsare. Wani musulmi kuma a Arkansas, Gregory Holt, ya rubuta ƙara da hannunsa don an hana shi barin gemu mai tsawon rabin inci, a 2015 alƙalan kotun ƙoli tara duka suka ba shi gaskiya.

Amma doka daban, aiwatarwa daban. Azumi sai ya sa sunansa a jeri tun kafin watan ya kama, in ba haka ba ba za a kawo masa sahur ba. Juma'a kuma idan an kulle gida, kamar yadda Mai_Kaki ya faɗa, ni ma a bakin ƙofa ake mayar da ni. Ya nemi limamin gidan ko jami'in kula da addini da zarar ya isa.

Zinatu_M: Malcolm X, musulmin nan mai fafutukar haƙƙin baƙaƙe, shi ma ai a gidan yarin jihar Massachusetts ya sauya, daga 1946 zuwa 1952. Ya shiga ɓarawo ya fito mai ilimi.

Malama_Rabi: Haka ne Zinatu, amma ki duba me ya taimaka. An mayar da shi gidan Norfolk, mai babban ɗakin karatu da ƙungiyar muhawara, kuma 'yan'uwansa ba su daina rubuto masa wasiƙa da ziyara ba. Ba katanga ce ta gyara shi ba. Abin takaicin shi ne a 1994 majalisa ta hana fursunoni tallafin karatun jami'a na Pell, shirye-shiryen jami'a a gidajen yari suka rushe kusan gaba ɗaya. Sai a Yulin 2023 aka dawo da shi. Binciken cibiyar RAND na 2013 kuwa ya nuna waɗanda suka yi karatu a ciki sun fi sauran nisa da komawa.

Sadauki77: Malama na karɓi gyara a kan kamfanoni. To aikin bauta fa? Shi ma ƙarya na yi?

Malama_Rabi: A nan kam ba ka yi ƙarya ba. Gyara na 13 na tsarin mulkinsu, na 1865, ya haramta bauta da aikin tilas, amma ya ware wanda kotu ta hukunta. Bayan yaƙin basasa jihohin kudu suka riƙa kama baƙaƙe a kan ƙananan laifuka suna ba da hayarsu ga masu gonaki da ma'adinai. Gidan yarin Angola na Luwiziyana gonar bayi ce a da, eka 18,000, har yau fursunoni na noma a cikinta. Tekzas da Georgia da Arkansas ba sa biyan ko sisi a kan mafi yawan ayyukan fursuna. Colorado ta cire wannan togaciyar daga tsarin mulkinta a 2018, wasu jihohi suka bi, amma masu zaɓe a Kalifoniya sun ƙi a 2024. Bayan wata biyu gobarar Los Angeles ta tashi, fursunoni ɗaruruwa suka shiga kashe ta a kan 'yan daloli a wuni.

Mai_Kaki: Malama, abin da zan ƙara: a gidanmu fursunoni faɗa suke a kan samun aiki, don zaman ɗaki ya fi aikin cin rai. Ba aikin ne suke ƙi ba. Abin da ke musu ciwo shi ne mutum ya yi shekara biyar yana gyaran wutar gidan, ya fita ba takardar shaida ba ko kuɗin mota.

Injiniya_Kabir: Ni abin da ke ba ni mamaki kuɗin ne. Kalifoniya tana kashe fiye da dala 100,000 a shekara a kan fursuna ɗaya. Kuma ita ce kotun ƙoli ta tilasta wa rage cunkoso a 2011, lokacin gidajen da aka gina don mutum kusan 80,000 suna ɗauke da kusan ninki biyu. Kotu ta samu cewa kusan kowane mako fursuna ɗaya na mutuwa saboda rashin kulawar likita da za a iya kauce masa. Aka ce su sauko zuwa kashi 137.5 cikin 100 na abin da ginin zai ɗauka. Norway ba ta wannan hanyar ta bi ba. Gandirobansu shekara biyu yake horo, ɗaki kamar na ɗalibi, mutum ya dafa abincinsa.

Direban_Dare: Norway mutum nawa ne? Ba su kai miliyan shida ba. Kada a haɗa.

Injiniya_Kabir: Gaskiya ne, amma jihohin ma ai ƙanana ne da yawansu. North Dakota ta tura jami'anta Norway suka dawo suka rage kullen kaɗaici. Pennsylvania ta buɗe sashe ɗaya irin wannan a gidan Chester a 2022. A 2023 gwamnan Kalifoniya ya ce za a mayar da gidan yarin San Quentin cibiyar gyara. Amfanin kowace jiha da nata tsarin ke nan, wata za ta gwada, wasu su gani. Illarsa kuma, ƙanen Hajiya bai zaɓi jihar da zai faɗa ba.

Na_Fito_2021: Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Na yi shekara huɗu da wata biyu a gidan jiha. Yaya Ummu_Hanif, ki bar ni in kira ki Yaya, don yayata ce ta riƙe ni.

Ba gidan ne ya gyara ni ba, amma a cikinsa na gyaru. Shekarar farko fushi kawai nake, har na yi faɗa aka kai ni ɗakin kaɗaici kwana 40. Awa 23 a ɗaki kamar banɗaki, abinci ta wata 'yar kafa a ƙofa. Wajen kwana na 20 na fara jin muryoyin da babu su. Na fito daga nan na fi shiga muni, hayaniya kaɗan sai jikina ya ɗau rawa. Daga baya na ji ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai sunan Mandela ta hana wuce kwana 15, Niyok ma ta sa haka a dokarta.

Abin da ya juya ni wasiƙa ce. Yayata duk mako biyu sai ta rubuto, ko na amsa ko ban amsa ba. Ba wa'azi take yi ba. Labari take ba ni: wane ya yi aure, ɗanta ya fara tafiya. A wurin da lamba ce sunanka, ka ji an kira ka a ce kana da wasiƙa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani dattijo mai ɗaurin rai da rai ya ga ina karantawa ina kuka, shi ya ja ni ajin lissafi.

Mafi wuya kuma ranar fita ce. Aka ba ni 'yan kuɗi da tikitin bas. Ba katin shaida mai aiki, masu gidan haya suna ganin tarihina su ce an kama ɗakin, takardar neman aiki tana tambayar ko an taɓa ɗaure ka. Wata bakwai ina kwana a falon yayata kafin wani mai garejin mota ya gwada ni. Da ba falon nan, da ina cikin kashi 68 da Malam Abu_Sumayya ya ambata.

Malam Direba, wanda na cuta ban taɓa samun damar ba shi haƙuri ba, doka ta hana ni kusantarsa. Ina ɗauke da abin har yau.

Direban_Dare: Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da nawa ya rubuto irin wannan, da na karanta. Ban ce zan amsa ba, amma da na karanta.

Abu_Sumayya: Hajiya, wata tambaya ta faɗo mini da ya kamata in yi tun farko. Ƙanen naki ya zama ɗan ƙasa, ko katin zama ne da shi?

Ummu_Hanif: Katin zama na dindindin ne. Saura kaɗan ya nemi zama ɗan ƙasa abin ya faru.

Abu_Sumayya: To ku shirya zuciya. A dokar shige da fice, laifin amfani da ƙarfi da aka yanke wa shekara ɗaya ko fiye yana cikin manyan laifukan da ke sa a kori mutum, ko da katin dindindin. Yawanci ranar da ya gama wa'adin jiha, jami'an shige da fice ne za su karɓe shi a ƙofa. Ku nemi lauyan shige da fice daban, yanzu ba sai shekara ta shida ba. Kuma a tambaya ko lauyansa na farko ya gargaɗe shi da wannan kafin ya amsa laifi, don tun 2010 kotun ƙoli ta ce wajibi ne lauya ya yi wannan gargaɗin.

Mai_Kaki: Kuma a wasu wuraren wanda ke da alamar kora a fayil ɗinsa akan tura shi ƙarshen layin aji da sana'a. Ya nace duk da haka. Walda walda ce a kowace ƙasa.

Ummu_Hanif: Innalillahi. Wannan ban san da shi ba sam. Zan kira lauyan gobe. Mama kuwa sai na samu bakin da zan faɗa mata. Ƙanena Na_Fito_2021, Allah ya saka wa yayarka da aljanna. Yau zan fara rubutawa. Zan iya haɗa masa da Alƙur'ani da hotunan yara?

Na_Fito_2021: Hotuna e, amma ki duba ƙa'idar gidan a shafin hukumar jihar, akwai adadin da ba a wucewa. Jihohi da yawa yanzu ba sa miƙa ainihin takardar, hotonta suke ɗauka su ba shi kwafi, don haka ki yi rubutu da baƙin biro, manya-manya. Ki sa cikakken sunansa da lambarsa a bayan ambulan, in babu lamba dawo miki za ta yi. Alƙur'ani kada ki aika da kanki, ba za a karɓa ba. Sai dai kantin littattafan da suka amince da shi ya aika kai tsaye, mai bango mai laushi.

Limamin_Sa_Kai: Kafin ya iso, ya tambayi ofishin addini, galibi muna barin kwafi a can. Kuma tun yanzu ya sa sunanki da na Mama a jerin waɗanda zai riƙa kira, don amincewar takan ɗauki makonni.